Inci Ɗaya a Miyami da Gardamar Kaurin Harsashi

Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 2022 cewa ɗan ƙasa yana da 'yancin fita da ƙaramar bindiga domin kare kansa, mutanen da ba su taɓa riƙe makami ba suka shiga wata tsohuwar gardama: wane kaurin harsashi ya dace da bindigar da za a riƙa ɗauka kullum? Lambobin da ake ji, 9mm da .40 da .45, awon faɗin harsashi ne. Na farko milimita 9 ne, na ƙarshe kuwa kashi 45 cikin 100 na inci, wato ya ɗan haura milimita 11. A kan wannan 'yar tazara ake ta sa-in-sa shekara da shekaru.

Na daɗe ina bibiyar muhawarar, kuma a ganina ba za a fahimce ta ba sai an koma ranar 11 ga Afrilu, 1986. A ranar ne jami'an FBI takwas suka tare wasu 'yan fashin banki biyu, Michael Platt da William Matix, a yankin Miyami. An kashe jami'ai biyu, Jerry Dove da Benjamin Grogan, an raunata biyar. Tun a farkon artabun, harsashin 9mm da Dove ya harba ya ratsa hannun Platt ya shiga ƙirjinsa, amma ya tsaya kusan inci ɗaya kafin zuciya. Raunin na ajali ne, sai dai bai hana shi ci gaba da harbi ba, har ya kashe wanda ya harbe shi.

Hukumar ta ɗora laifin a kan harsashin. Ta koma ga 10mm mai ƙarfi, sai ta tarar yawancin jami'anta ba sa iya sarrafa bindigar saboda yadda take fizgar hannu bayan kowane harbi. Aka rage wa harsashin albarushi, daga nan aka samu .40 S&W a 1990, wanda rundunonin 'yan sanda suka runguma, farar hula ma suka bi sahu. Abu mafi amfani da ya fito daga wannan lokaci shi ne ma'auni: dole harsashi ya nutse inci 12 zuwa 18 cikin wani daskararren sinadari mai taushin tsokar mutum.

Sai ga shi a 2014 sashen horaswa na FBI ya ba da shawarar a koma ga 9mm ɗin da aka tsine wa. Hujjojinsa sun fi gamsar da ni fiye da duk wata fankama ta masu shagon bindiga. Ƙirar harsashi ta inganta har 9mm na zamani yana cika wancan ma'auni. Likitocin tiyata ba sa iya bambance raunin wannan da na wancan. Uwa uba, jami'an tsaro kan kuskure kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na harbin da suke yi a lokacin artabu. Idan haka abin yake ga wanda aka horar, ina ga magidancin da tsoro ya kama shi cikin duhu? Kuma duk harsashin da ya kauce, wani wuri zai sauka, wataƙila jikin wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Saboda haka nake ganin mai zaɓe ya fara da tambayar wace bindiga hannunsa ke iya maido da saitinta nan take. A nan 9mm ke da rinjaye: fizgarsa kaɗan, kuɗinsa da sauƙi ta yadda za a yawaita atisaye, ga kuma yawa. Glock 17 tana ɗaukar harsashi 17, Glock 22 mai .40 tana ɗaukar 15, Glock 21 mai .45 kuwa 13. Masoya .45 suna da tarihi a bayansu, tun da sojojin Amurka sun riƙe bindigar M1911 daga 1911 har 1985, amma tarihi ba ya gyara wa kowa saiti.

A 2016 FBI ta ba kamfanin Glock kwangilar sababbin bindigogi masu 9mm. Rundunonin 'yan sanda da dama suka sake bin ta, tsofaffin bindigoginsu masu .40 kuma suka cika shaguna ana sayar da su da rahusa.