I'ina Ba Laifin Yaro Ba Ne, Ba Kuma Laifin Hausa Ba



Yaranmu na Kuchigoro da harsuna suke tashi: Hausa a gida, Turanci a makaranta, ga Gwaranci da Burokin a kan layi. Shi ya sa da ɗana ya fara i'ina yana shekara huɗu, shawarar da na fi sha ita ce mu daina yi masa Hausa, wai harsunan ne suka yi masa yawa. Na ƙi, kuma ga dalilina.

Su kansu masanan sun sha sauya ra'ayi. A 1841 wani likita a Jamus, Dieffenbach, yankan harshen masu i'ina yake yi. Daga baya Wendell Johnson na Jami'ar Iowa a Amurka ya ɗora laifin a kan iyaye, wai yawan gyara wa yaro magana ne ke haifar da ita. A 1939 ɗalibarsa ta yi gwaji a kan marayu 22, aka riƙa kushe maganar wasunsu. Sai a 2001 jami'ar ta nemi gafara.

Charles Van Riper, wanda shi ma mai i'ina ne, ya bi wata hanya: a koya wa mutum yin i'inarsa cikin sauƙi, ba tsoro, ba ɓoyo. A 2010 kuma binciken Dennis Drayna ya gano ƙwayoyin halittar da ke da hannu a ciki. Ashe gado na da ƙarfi a lamarin. Kusan yaro biyar cikin ɗari kan yi i'ina, akasari ta wuce, ta zauna wa kamar mutum ɗaya cikin ɗari. Yau masanan ba sa cewa a raba yaro da harshen uwarsa.

To in na hana shi Hausa, da wane baki zai gaida kakarsa a Katsina?

Abin da muke yi a gida kaɗan ne. Ba mai ƙarasa masa magana, ba mai kwaikwayonsa, ba mai ce masa "nutsu mana". Muna jira ya kai aya. Annabi Musa (AS) ma da ƙulli a harshensa aka aike shi ga Fir'auna.

Allah Ya raya mana zuri'a. Wassalam.