Makindye: Inda Likitoci Ke Koyon Rage Wa Yaro Raɗaɗi

'Yar'uwa, in Allah ya kai ki Kampala ta ƙasar Uganda, ki hau acaɓa zuwa tudun Makindye. Nan Hospice Africa Uganda take, wadda Dakta Anne Merriman ta kafa a 1993. Likitoci da nas-nas na zuwa koyon kula da waɗanda ciwonsu ya gagari magani, har da yara masu ciwon daji. Ana koya musu auna mofin na ruwa daidai nauyin yaro, da zama da uwa a faɗa mata gaskiya cikin lallashi.

In an ce miki ɗanki ba zai warke ba, Allah ya kiyaye, ki tambayi likita: "To, raɗaɗin fa?" Haƙƙinsa ne ya samu barci.