Tsayin Mota da Nauyin Kaya: Abin da Hanyar Bagega Ta Koya Mini

A shekarar 2013, lokacin da aka zo kwashe ƙasar da gubar dalma ta gurɓata a gidajen Bagega, ina saurayi, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne fararen motocin ma'aikatan lafiya. Dogaye ne, suna ratsa taɓon hanyar Anka kamar ba su san da shi ba. Tun daga nan na ƙudurta a raina cewa sirrin mota a ƙasarmu tsayi ne. Sai da na kusan halaka ƙanena kafin na gane cewa rabin maganar kawai na fahimta.

Bayan wasu shekaru, ni da shi muka haɗa kuɗin gyaɗa da bashin da kawunmu ya ba mu, muka sayi tsohuwar Hilux. Da ita muke kai masara da wake kasuwar Anka, wani lokaci har Gusau, mu kuma janyo ƙaramar tirela mai ɗauke da injin ban ruwa. Matsalarta ɗaya: da an ɗora mata buhu takwas sai bayanta ya zauna, cikinta ya riƙa gugar ƙasa a kowane kwazazzabo. A hanyar da kowa ke son ya isa gida kafin la'asar saboda 'yan bindiga, maƙalewar mota ba ƙaramin abu ba ne.

Wani matashin bakanike ya ce maganin mai sauƙi ne. Ya saka guntayen ƙarfe tsakanin sifirin da ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, motar ta tashi kusan santimita 10. Kuɗin kaɗan ne, kyan gani kuwa ba a magana. Amma araha ba ta ado. A farkon kaka, ƙanena yana saukowa wani gangare da buhu goma, motar ta karkata har tayar baya ɗaya ta bar ƙasa. Allah ya kiyaye, buhu uku ne kawai suka zube. Ya dawo gida jikinsa na ɓari, bai iya cin tuwon dare ba.

Washegari na kai ta wurin wani dattijon bakanike a Gusau. Ya zagaya ta sau biyu, ya leƙa ƙarƙashinta, sannan ya dube ni.

"Ɗana, so kake ta yi tsayi, ko so kake ta ɗauki kaya?"

"Baba, ai duk biyun nake so."

"To, ba abu ɗaya ba ne. Zauna in gaya maka."

Abin da ya koya mini ya kasu uku. Na farko, ɗaga mota ba ya ƙara mata ikon ɗaukar kaya ko da kilo ɗaya. Irin wannan Hilux an ƙera ta ne ta ɗauki kusan tan guda, a ciki har da direba da 'yan rakiya. Buhu goma masu kilo 100 sun cinye wannan lissafi tun kafin a ɗaura tirela, wadda ita ma take danna bayan motar da nata nauyin. Birki da tayoyi da ƙashin motar suna nan yadda kamfani ya yi su.

Na biyu, duk abin da aka ɗaga, nauyinsa ya hau sama tare da shi. Kayan da ke nesa da ƙasa sun fi saurin rinjayar mota a kwana ko a gangare. Guntayen ƙarfen nan kuma sun nisanta tayoyi daga sifirin, ta yadda duk lokacin da aka ja da ƙarfi ko aka taka birki, sifirin yana murɗewa, ƙusoshin da suka riƙe shi suna sassautawa.

Na uku ne ya fi ba ni kunya. Wurin da ya fi kusa da ƙasa a motar shi ne ƙullutun da ke tsakiyar ƙarfen tayoyin baya, shi kuwa ba ya tashi don an ɗaga bodi. Taya mai ɗan tsayi ce kaɗai ke ɗaga shi, ita ma idan ta yi girma da yawa sai ta rage wa mota ƙarfin ja, ta ƙara shan mai, ta tsawaita tazarar tsayawa.

Zaɓin da ya rage mana biyu ne. Ko a ƙara falle ɗaya a tsohon sifirin, wanda zai rage zaman bayan amma ya bar gajiyayyun fallayen a wurinsu, ko a sauya sifirin ɗin gaba ɗaya da mai ƙarfi wanda aka yi don kaya, tare da abin tare girgiza mai tsawon da ya dace da shi. Na biyun muka zaɓa, bayan mun sayar da raguna biyu. Ya tsayar da ɗagin a santimita 5, gaba da baya, domin fiye da haka yana karkatar da sandunan da ke juya tayoyin gaba, su yi saurin lalacewa. Ya sauke maƙalar tirela don ta zauna daidai, ya saita bawul ɗin birkin baya wanda ke auna nauyi da tsayin bodi, ya kuma gyara fitilu don kada su haska sama.

Yanzu idan babu kaya motar tana da tauri, duk rami sai ka ji shi a ƙugu. Amma da buhu bakwai takan zauna daram, sitiyari bai yi sakayau a hannu ba. Buhu bakwai muke ɗorawa idan akwai tirela, sauran mu dawo mu ɗauka gobe. Ribar ta ragu, bashin kawu ya ɗauki kaka biyu maimakon ɗaya.

Duk wanda ya zo mini da maganar ɗaga motarsa, nakan fara tambayarsa buhu nawa yake ɗauka, a wace hanya, kuma wa ke zama a gaban motar. Ni dai ƙanena ne ke tuƙa tamu, kuma mahaifiyarmu ba ta shiga ɗaki sai ta ji ƙarar injinsa a ƙofar gida.