Taliyar Tailan: Romon Shi Ne Abincin

Mu nan idan aka ce taliyar leda, hankali kan tafi teburin mai shayi: a dafa Indomie har ruwan ya tsotse, a watsa albasa da attaruhu, a ɗora ƙwai. Amma akwai masu cin ta ta wata hanya dabam, kuma bayan na ɗanɗana tasu na yarda sun san abin da suke yi.

Wata 'yar'uwata mai zuwa sarin kaya ce ta yi mini tsarabar taliyar Mama ta ƙasar Tailan, mai ɗanɗanon tom yum kung, wato miyarsu ta jatan lande mai yaji da tsami. Ledar ƙarama ce, taliyar siririya. A ciki akwai garin haɗi da wani ɗan ƙullin jan mai mai kauri. Ko tukunya ba ta buƙata: ka juye a kwano, ka kwara tafasasshen ruwa, ka rufe na minti 3. Da na buɗe, jan man nan ya taso ya yi ido-ido a saman romon, ƙamshin lemun tsami ya riga komai isowa hanci.

Yajin bai ba ni mamaki ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ake jajjage kullum ba zai razana da shi ba. Tsamin ne ya tsayar da ni. Shi ke fara kama harshe, gishiri ya biyo, sai can yajin ya sauka a maƙogwaro, zufa ta tsatso a goshi. Kafin na ankara na ajiye cokali na ɗaga kwanon ina kurɓa. Taliyar rakiya kawai ta yi, romon shi ne abincin.

Asalin miyar ba daga gari ake yin ta ba. Ana tafasa ciyawar nan mai ƙamshin lemo da wasunmu ke jefawa a shayi, da wata saiwa 'yar'uwar citta da suke kira kha, da ganyen wani irin lemun tsami da ake yayyagawa da hannu. A zuba nam pla, ruwan kifin da aka tsima da gishiri tsawon watanni, wanda yake musu aikin da daddawa ke yi mana: a kwalba wari, a tukunya daɗi. Ruwan lemun kuma sai an sauke ake matsawa, don kada wuta ta kashe shi. Miyar ta zame musu tambari, har rikicin kuɗin da ya fara daga ƙasarsu a 1997 ana kiransa da sunanta, kuma a 2024 UNESCO ta sanya ta cikin al'adun gado na duniya.

To ina garin leda zai kamo wannan? Bai kamo ba, gaskiya. Tsaminsa na da kaifi amma ba shi da rai irin na ɗanyen lemo. Da na sake dafawa sai na dandaƙa ciyawar nan na tafasa ruwan da ita tukuna, na yanka tumatir, na matsa lemun tsami a ƙarshe. Bambancin ya fito fili, har yaran gida suka kewaye kwanon.

Ga masu son gwadawa, don Allah ku duba leda da kyau. Mama na da kala-kala, ciki har da mai ɗanɗanon naman alade, rubutun kuma sau da yawa da harshensu yake, don haka a nemi tambarin halal kafin a saya. Sannan yawancin gishirin a romon yake taruwa, ga shi romon ake shanyewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana. Mai hawan jini ya zuba rabin garin kawai, ya cike gurbin da lemun tsami.