'Yar Tsanar Da Ta Fito Daga Cikin Dilar Gwanjo

Yau wani ɗan sirrina zan faɗa muku, don na gaji da ɓoye shi: ni ɗin nan, ƙato da ni, 'yan tsana nake tarawa.

Babana daga Maraɗi ya zo garin nan neman abinci, ni kuma a Gwagwa aka haife ni. Da na gama sakandare sai na koma shagonsa a kasuwar Wuse, inda muke sayar da kayan wasan yara. Wata rana muna kwance dilar gwanjo sai ga wata 'yar tsana cikin kwalinta, ko buɗe shi ba a taɓa yi ba, sanye da farar riga mai baje ƙasa. Na duba sunan da ke jiki a wayata. Ashe siffar Marilyn Monroe ce da kamfanin Mattel ya fitar a 1997, rigar kuwa ita ce ta fim ɗin The Seven Year Itch na 1955.

Daga nan na gane ashe harka ce babba a Amurka. Tun 1959 Mattel ke yin Barbie. A 1994 suka yi mata shigar Scarlett O'Hara ta fim ɗin Gone with the Wind na 1939, a 1998 kuma suka yi Audrey Hepburn da baƙar rigarta ta Breakfast at Tiffany's. Manya ne ke saye su adana, kuma wadda ba a fasa kwalinta ba ta fi daraja.

Abin ya tsaya min a rai. Su rigar fim ɗin shekara saba'in ma ba su bari ta ɓace ba, mu fa? Inna takan ba mu labarin lokacin da tana amarya a garin nan, ba ta san kowa ba, kaset ɗin Sangaya na 1999 ne ke ɗebe mata kewar gida. Amma da na tambayi ƙanwata wace ce Zubaina, wadda Fati Muhammad ta fito a matsayinta, sai ta tambaye ni da Turanci ko wata maƙwabciyarmu ce. Wallahi mai karatu, ranar jikina ya yi sanyi.

Na ga abin da wasu 'yan Najeriya suka yi. Taofick Okoya ya fara 'yan tsanar Queens of Africa a Legas a 2007, Haneefah Adam kuma ta yi suna a 2016 da ɗinka wa Barbie hijabi. Sai na ce ni ma bari in gwada nawa. Na tsinci 'yan tsana baƙaƙe, na roƙi ƙyalle wajen teloli, na kai wa Inna. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ɗauko allura. Ta yi wa ɗaya ɗaurin zane da kallabi yadda take tuna Zubaina. Wata kuma muka sa mata baƙin saƙi, muka ce uwar Umar ce ta fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wadda ta bi sahara neman ɗanta.

Baba dai bai so ba. Ya ce, “Kai yanzu gumaka za ka cika min gida da su?” Na ce, “Baba, ai mu muke sayar wa mutane su.” Ya yi shiru, amma ya kafa sharaɗi: ba za a jera su a ɗakin da ake sallah ba, kuma ba da kuɗin shago ba. Na yarda, don yana da gaskiyarsa. Yanzu guda tara ne, suna cikin tsohon kabad ɗin Inna.

Ribar da na samu ita ce, ƙanwata ta zauna da Inna sun kalli Sangaya daga farko har ƙarshe, tana ta tambaya da Hausa. Ita kuwa Marilyn, wani ya taya na hana.

Don Allah duk wanda ke da tsohon kwalin kaset ko tsohuwar mujallar Fim a gida, kada ya zubar, ya taimaka min da hoton, shigar nake nema. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.