Takardar Da Ke Bakin Zaninki

Ya ke 'yar'uwa, kin taɓa kwance bakin zaninki kin ƙare wa naira ɗari biyu kallo? Ga Sardauna da rawaninsa, ga sa hannun Gwamnan Babban Banki. Mu mata a nan Gyallesu mun sha tambayar juna a wurin adashi: tunda gwamnati ce ke buga kuɗi, me zai hana ta buga da yawa ta raba wa talakawa kowa ya huta?

To, ga abin da na fahimta. Babban Bankin Nijeriya kaɗai doka ta yarje wa ya fitar da naira. Shi ke ƙiyasta adadin da ake bukata, sai ya ba kamfanin buga kuɗi na ƙasa aikin, wanda aka kafa a Legas a 1963, yana kuma da masana'anta a Abuja. Manyan takardun da auduga ake yin su, ƙananan kuwa, daga biyar zuwa hamsin, na leda ne. Daga can sai rassan Babban Banki irin na Kaduna, sai bankuna, sai aljihun maigida, sai kuɗin cefanenki. Wadda ta tsufa ta yage a mayar da ita a lalata, a buga sabuwa.

Amma fa injin da ke buga naira ba ya buga masara. In buhu goma ne a kasuwar Tudun Wada, aka ninka kuɗin da ke hannun mutane, buhunan suna nan goma, farashi ne zai tashi. A 1977 Murtala, wato naira ashirin, ita ce uwar kuɗi. A 2005 sai ga dubu ɗaya. Yau ki miƙa wa yaro Murtala ki ga irin kallon da zai yi miki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne canjin kuɗi. A ƙarshen 2022 aka sauya launin ɗari biyu, ɗari biyar da dubu, aka sa wa tsofaffin wa'adi, sababbin kuma suka yi ƙaranci. Farkon 2023 na ga matan da suka shekara suna tara kuɗin kayan ɗakin 'ya'yansu a cikin kwalla, ba su da asusun banki, suna kuka wiwi. Wallahi masu ƙosai da masu awara sun ji jiki. Sai da Kaduna, Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ce a watan Maris a ci gaba da karɓar tsofaffin.

Don haka nake cewa takardar nan aro ce a hannunmu, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. In kin ɗauki adashi kada ki binne shi duka a ƙarƙashin katifa. Ki sayi 'yar akuya, ko hatsi da kaka, ko ɗan kunnen gwal, saura ki buɗe asusu da sunanki ki zuba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya rufa mana asiri, amin.