Katin da na hana yaro yanka

Shekarata ashirin da bakwai a Kumasi ina sayar da kayan wuta: waya, soket, ƙwan fitila da makamantansu. Rabin masu saye a wurina masu haɗa wuta ne, shi ya sa na ɗauka na san sana'arsu ciki da waje. Ashe bakin ƙofarta kawai na tsaya.

Ɗan ƙanena, wanda na ɗauko daga gida yana da shekara goma sha biyar, wannan aikin ya koya. Da hannunsa ya faɗa, wani ɗan kwangila mai kafa turakun wuta a ƙauyuka ya ɗauke shi, ana biyansa kuɗin yini. Wani dare bayan isha'i ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, abokan aikina suna ta maganar mu yanki katin ƙungiyar ƙwadago. Ɗan wani abu ne za a riƙa bayarwa duk wata." Na ce, "Kai, rufa mana asiri. Mu baƙi ne a ƙasar nan, ina mu ina rigima da mai gida? Ka ci tuwonka ka yi shiru." Ya ce, "To, Baba."

Bayan shekara biyu, cikin damina, ya hau turke an ce masa an kashe layin. Ashe ba a kashe ba. Wuta ta fizge shi ta jefo ƙasa. Allah ya sa da sauran kwana, amma hannun dama ya ƙone, yatsu biyu suka tafi. Mai aikin ya leƙo asibiti sau ɗaya, ya ajiye 'yan sidi, ya ce ai yaron ɗan yini ne, ba ma'aikacinsa ba. Ba takarda, ba mai tsaya mana. Jarina na taɓa na biya magani.

Wani dattijo mai sayen waya a wurina, wanda wakilin ƙungiya ne a nasu wurin aikin, shi ya buɗe min ido. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ba kowane ma'aikaci 'yancin shiga ƙungiya. Ta kuma ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata shida a jere wurin mutum ɗaya, a ɗauke shi tamkar na dindindin. Akwai kuma dokar diyya ta 1987 ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Duk wannan na nan, ni ina zaune a shago ban sani ba. Shi ya raka mu ofishin ƙwadago, abokan aikin yaron suka ba da shaida. Sai da muka yi wata tara muna sintiri kafin diyyar ta fito.

Abin da ke cin raina, wallahi, shi ne mu 'yan kasuwa muna da ƙungiya, muna zuba adashi, in kaya suka maƙale a kan iyaka shugabanni ke zuwa su yi magana. Amma yaron da ke hawa turke da ransa na ce ya tsaya shi kaɗai.

Yanzu yana shago tare da ni, yana koyon rubutu da hagu. Duk matashin da ya zo sayen waya, sai na tambaye shi: "Kana da takardar aiki? Ka yanki kati?" Wasu su yi dariya. Sai yaron ya ɗago hannunsa ya nuna musu.